Abin da Aka Yanke a Motar Ubale

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
9 ga Yuli, 2007

Zuwa ga Yaya Alhaji Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya mahaifiyarku da Yaya Ramatu da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baban Mubina, ya sa ya huta.

Yaya, yau da hantsi, ina tsaye a cikin ramin duba motoci, na san abin da ya kashe ƙaninka. Ba zuciya ba ce.

Na rubuto ne ban kira ba, don a waya kai kake magana ni ina cewa to har kati ya ƙare. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakar karatuna. Hajiya Sakinatu mai kayan yara za ta taso jibi, ita za ta miƙa maka.

Ka ce in na fita takaba a mayar da motar sunan Bello abokin aikinsa, ya ci gaba da ɗauko ɗalibai daga filin jirgi kamar yadda suke yi tare da marigayi. A nan ba a sauya sunan mota sai an kai ta wajen duba motoci na gwamnati sun ba da takarda. Muka je, ni da Bello. Suka duba birki, suka duba fitilu, duk lafiya. Sai suka zura wani ƙarfe a bakin salansa, mai dubawa ya kalli na'urarsa, ya sake kallo. Wani dattijo ne Bamalaye mai farin gemu. Ya ɗauki tocila ya shiga rami, ya daɗe bai fito ba.

Da ya fito ya ce motar wa ce. Bello ya ce tasa ce. Na ce ta mijina ce, ya rasu. Ya ce a ina ya rasu. Na ce a cikinta.

Can ya ce, "Puan, boleh turun?" Wato zan iya sauka ramin. Bello ya ce mace ba ta shiga rami. Na tattare hijabina na sauka.

Ya haska mini wani wuri a ƙarƙashin motar. Ya ce nan ya kamata a ga wani tulu mai tace hayaƙi, wanda kuke ce wa indomi. Babu shi. An yanke, an jona bututu zalla da walda. Waldar ta tsage, kewayenta ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Daidai samanta ƙarfen motar ya yi tsatsa ya huje. Na zura yatsu biyu, Yaya, na taɓo shimfiɗar da ke ƙarƙashin kujerar direba.

Malayancina na kasuwar Chow Kit ne, na sayen kifi da barkono, amma na gane shi. Abin da ban gane ba ya nuna mini da hannu. Ya ce wannan hayaƙin ba ya wari, ba ya shaƙe mutum ya farga. Ya kwantar da kuncinsa a tafin hannunsa kamar mai barci.

Nan komai ya dawo mini. Wata nawa yana dawowa da ciwon kai, ina cewa rana ce. Sau uku Mubina tana amai a motar nan, ina yi mata faɗa wai ta cika shan ƙanƙara a mamak, shagon shayin mutanen nan. Ranar da ya rasu kuma jirgin ɗaliban ya yi lattin awa uku. Ya kira ni bayan azahar ya ce zai ɗan kishingiɗa a mota, ya kunna esi, in ajiye masa tuwonsa kada ya huce. Na ajiye.

Da muka fito Bello ya ce, "Maman Mubina, rabu da tsohon nan, iyayi ne. Akwai mai garejin da ke ba da hayar indomi na yini guda. A ɗaura da safe, a zo a wuce, da yamma a mayar masa da kayansa a mayar da bututunmu. Kowa haka yake yi lah."

Na ce, "Wa ya yanke?"

Sai ya kama danna waya.

Na sa ya tuƙo ta gida gilasai huɗu a buɗe, ana yayyafi. Makullin yana ƙulle a bakin zanena. Ba zan sa hannu a komai ba sai na san wanda ya yanke.

Ka gaida Hajiya. Ban ce a gaya mata ba tukuna.

Ƙanwarka,
Hansatu


Ƙofar Ruwa, Kano
19 ga Yuli, 2007

Zuwa ga Hansatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni, na karanta, na kuma fahimta. Kowa lafiya. Allah ya ƙara mana haƙuri.

Da farko ina tunatar da ke cewa rai ba ya wuce wa'adinsa. Ubale kwanansa ne ya ƙare. Bello da ya tsaya a asibiti ya shaida mana zuciya ce, kuma mahaifinmu ma haka ya tafi. Bai kamata ki bar wani baƙo da bai san mu ba ya tayar miki da mikin da ya fara warkewa.

Game da tambayarki, babu wani ɓoye-ɓoye. Ni na ce a cire. Bara da na zo sayen kaya na ji motar tana nishi a hawa, tana shan mai kamar rairayi. Ina ji na san indomi ne ya toshe. Shekara ashirin da shida ina sayar da kayan mota a kasuwar nan, ban taɓa jin wanda cire indomi ya kashe ba. Rabin motocin Kano babu shi. Tawa shekara takwas ke nan babu shi, ga ni ina rubuto miki. Turawa ne suka ƙirƙiro shi don dokar ƙasarsu, mota ba ta bukatarsa.

Shi dattijon naki na goro yake nema, da Bello ya gane da ba a kai ga wannan ba. Shawarar da Bello ya kawo daidai ce. A ɗaura na haya a wuce, in ya so mai walda ya ƙara shafa wuta a inda ya tsage. Sayen sabo ɓarna ce kawai. Watan gobe sababbin ɗalibai za su fara sauka, in motar tana ajiye wasu ne za su kwashe aikin, kuma abincin Mubina a cikinsa yake. Ki sa hannu.

Kada wannan magana ta kai kunnen Hajiya, kin san hawan jininta.

Labari mai daɗi: 'yata Walida ta samu makarantar da muke nema mata a nan wajenku. Za ta sauka ran takwas ga Satumba. Bello zai ɗauko ta, za ta zauna a hannunki. Na ba ki amana.

Wassalam.

Alhaji Halliru Maitama


Wangsa Maju
30 ga Yuli, 2007

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Hajiya. Na yi murna da zuwan Walida, ɗakinta na nan na share.

Sau huɗu na karanta takardarka. A na farko na zaci idona ne.

Na tuna ranar sarai. Dambun kifi na yi muku, don ka ce ka gaji da shinkafar mutanen nan. Kuka fita ku uku har da Bello da hantsi, kuka dawo bayan la'asar kuna dariya. Tun daga bene na huɗu na jiyo ƙarar motar ta sauya. Ka shigo kana wanke hannu kana cewa, "Ubale, ka ji yadda take numfashi yanzu?" Shi kuma yana ta godiya. Duk abin da ka ce a kan mota, a wajensa ya zauna. Ni na zuba muku ruwa.

Ka ce rabin motocin Kano babu shi. Na yarda. Amma Yaya, a Kano wa yake rufe gilas? Esin motarka tun ina amarya ya mutu, hannunka a waje kake tuƙi. Wa yake zama awa uku a fakin na ƙarƙashin gini, inji a kunne, ko iska ba ta shiga? Nan ƙasa ce ta zafi da ruwa, in ba ka rufe gilas don rana ba ka rufe don ruwa. Abin da ya zauna lafiya a Ƙofar Ruwa ka ɗauko ka kawo inda bai san hanya ba. Shekara ashirin da shida ɗinka duk a gari guda ka yi su.

Kuma dattijon nan bai nemi komai ba. Ruwa ma ya sa aka kawo mini da na fito daga ramin. Kai ba ka gan shi ba, kada ka ɗauki alhakinsa.

Shekaranjiya Bello ya zo da wani ɗan kamasho mai jaka a hammata, irin masu zirga-zirgar takardun mota. Ya baje takardu a kan teburin da Mubina take aikin makaranta, ya miƙo mini biro.

Na ce, "In an wuce, da yamma me za a mayar?"

Bello ya ce, "Bututun mana. Za a gyara waldar."

"Wanda ya yi ta farko shi zai yi ta biyu?"

"Maman Mubina, ke fa ba ki san mota ba."

"Ban san mota ba. Amma ni na shiga ramin, kai kana sama kana waya."

Ɗan kamashon ya yi dariya ya ce da Malayanci wai matar nan ta fi jami'an tsauri. Bello bai yi dariya ba. Ya ce shi ma yana da iyali, wata biyar yana hayar motar wani. Na san gaskiya ne. Matarsa ta zauna da ni kwana bakwai. Amma na ce masa, ai don matar taka nake hana ka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, ba ku ce a yaudari gwamnati kawai ba. Gwamnati ba ta zama a motar. Takardar da za a samo da kayan haya cewa za ta yi motar nan lafiya take, ni kuma sunana a ƙasa. 'Ya'yan mutane ne za su shiga, iyayensu na can gida sun sayar da fili sun turo su karatu.

Ban sa hannu ba. Motar na ƙasa a rufe da tamfol, ganye na taruwa a kanta. Mubina tana tambayata da Turanci yaushe za a kai ta makaranta a motar Abba. Bas muke bi.

Na gode da haƙurin karantawa.

Hansatu


Ƙofar Ruwa, Kano
8 ga Agusta, 2007

Hansatu,

Bayan sallama. Ban taɓa zaton ranar da za ki rubuto mini irin wannan takarda ba.

Ubale a bayana na goya shi. Ni na koya masa tuƙi, ni na tsaya har ya samu hanyar zuwa ƙasar nan, ni na je neman aurenki. Yau ni ake nuna wa yatsa a ce na kashe shi? Da bakin wa? Da bakin mai tocila a rami, da bakin wadda ba ta san inda ake zuba wa mota ruwa ba?

Na yi miki uzuri, zafin rashi ne. Amma ki sani motar nan ba taki ba ce ke kaɗai. Dukiyar marainiya ce, Hajiya ma tana da haƙƙi a ciki, ni kuma ni ne babba. Ba a ajiye abin neman abinci a ƙarƙashin tamfol don zato. In da hujja a kawo. In babu, ki ba Bello makulli da sa hannu kafin Walida ta sauka. In kin ƙi, zan nemi biza in zo da kaina, kuma ba zai yi mana daɗi ba.

Ramatu tana gaishe ki. Ta ce ki dinga yawan karatun Alƙur'ani.

Alhaji Halliru Maitama


Wangsa Maju
20 ga Agusta, 2007

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina amsa gaisuwar Yaya Ramatu. Ina karatun, ka gaya mata.

Ka ce a kawo hujja. Ga ta a cikin ambulan ɗin nan, kwafi ne, ta ainihi tana wajena.

Ranar da Bello ya zo da ɗan kamasho ya manta jakar takardun motar a gidana. Ban taɓa ba sai makon jiya da nake neman inshora. A can ƙasa na ga takarda mai tambarin asibiti da sunan Baban Mubina. Tun watan Fabrairu Bello ya ce mini asibiti sun riƙe ta. Na kai wa maƙwabciyata Kak Rohani, wadda ta yi aikin jinya shekara talatin. Ta sa tabarau ta karanta, ta cire, ta ce, "Adik, ƙanwata, ba a gaya miki ba?" Babu zuciya a takardar. Gubar hayaƙin mota aka rubuta.

Na aika aka kira Bello. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ƙi shigowa.

Na ce, "Ka iya karatu, ko ba ka iya ba?"

Ya ce ya iya.

"To me ya sa ka ce zuciya?"

Ya ce shi ya buɗe ƙofar motar ranar, shi ya fara taɓa shi. Ya ce shi ya nuna muku garejin mai waldar. Da likita ya faɗa, sai ya ji ba zai iya ɗaga waya ya gaya maka ba, bare ni. Ya ce wa kansa laifin fakin ɗin ne, da a fili ya tsaya da ba haka ba. Ya yi ta faɗa wa kansa har ya yarda.

Na ce, "Shi ya sa kake shirin komawa kan kujerar?"

Ya zauna a matakala ya rufe fuska. Ban lallashe shi ba. Shayi dai na miƙa masa.

Yaya, ban ce ka kashe ƙaninka ba, kuma ba zan ce ba. Na san ka goya shi. Da bakinsa ya sha gaya mini. Ranar da ka ce a yanke, alheri ka nufa, ba ka sani ba. Amma yanzu ka sani. In aka ɗaura na haya aka wuce aka mayar da bututun nan, wannan karon wa za a ce bai sani ba?

Ka kai takardar wa duk likitan da ka yarda da shi ya karanta maka. Sannan ka tuna jirgin da Walida za ta hau shi ne dai wanda ya yi latti ranar. Bello zai jira ta a fakin ɗin nan. Daga filin jirgi zuwa gidana tafiyar awa guda ce, in da ruwa ta fi, gilas a rufe, ita a gajiye tana gyangyaɗi a baya. Ka ce ka ba ni amanarta. Na karɓa. Ba za ta shiga motar nan ba ko ka zo da kanka.

Ka yafe mini in na yi kaushi. Ba ni da wani babban da ya wuce ka.

Hansatu


Kano
28 ga Agusta, 2007

Maman Mubina,

Salamu alaikum. Na kai wa likita. Ya karanta mini sau biyu.

Kada a ɗaura na haya. A sa sabo, a wani garejin daban, a yanke inda ya yi tsatsa a sa sabon ƙarfe. Ki tsaya a kai da kanki. Na yi wa Bello waya.

Jiya na shiga tawa motar zan tafi kasuwa, na tuna ita ma babu indomi, na kasa tayar da ita. Ƙafa na bi.

Akwai abin da ya kamata in rubuta miki a nan. Na fara sau uku na yaga.

Halliru


Wangsa Maju
11 ga Satumba, 2007

Yaya,

Assalamu alaikum. Walida ta sauka lafiya. Jirgin ya yi lattin awa biyu. A jirgin ƙasa ta ƙaraso cikin gari, ni da Mubina muka tare ta a tasha, muka tsaya unguwar Brickfields ta ci abinci ta ce yaji ya yi yawa. Tana da dariyar baffanta marigayi.

An sa sabon indomi, an toshe hujin. Yini biyu ina zaune a kan benci a garejin. Jiya muka mayar da motar wajen dubawa, dattijon nan ne dai a bakin aiki. Ya shiga ramin, ya fito, ya ce in sauka in gani da idona. Na shafa wurin, babu inda yatsa zai shiga. Ya buga hatimi. Na sa wa Bello hannu a gabansa.

Bututun da aka cire yana wajena, na naɗe shi a jarida. Ban san me zan yi da shi ba.

Abin da ka yaga, ka bar shi, na ji.

Ka gaida kowa, Allah ya kai mu azumi lafiya. Ranar Juma'a na yi waya da Hajiya. Ta ce in dinga kula da Mubina, wai ciwon zuciya gadon gidanku ne. Na ce to. Ban gaya mata ba, kai ma ba ka gaya mata ba.

Hansatu